Hich, akwatin fin ko guznek: wanne za ka canza idan tirelar fifwil tana fizgar motarka?

Duk wanda ya taɓa jan tirelar fifwil, irin gidan nan mai taya da ake maƙala gabansa a cikin bodin akori-kura daidai saman tayoyin baya, ya san halinta a manyan titunan kankare na Amurka da Kanada. Kana tafiya lafiya lau sai ka hau wurin da aka haɗa kankare da kankare ko bakin gada, nan take motar ta fara fizga gaba da baya, wuyanka yana kaɗawa, wanda ke gefenka ya riƙe kofinsa da hannu biyu, in ka isa masauki ka buɗe tirela ka tarar durowa ta buɗe kwanuka sun zube. Daga nan mutum zai fara neman mafita sai ya tarar kowa da abin da yake yabo, wannan ya ce sayi B&W, wancan ya ce a'a MORryde ne magani, wani ya ce in ba mai iska ba ɓata kuɗi ne kawai. Kuma gaskiya kowannensu yana da gaskiyarsa, matsalar ita ce ba ciwo ɗaya suke magani ba.

Motsin da ke damun mutum iri uku ne, kuma sai ka gane naka kafin ka fitar da ko dala ɗaya. Akwai ƙarar gaf-gaf da kake ji lokacin tashi da lokacin taka birki, wannan yawanci rata ce tsakanin kinfin, wato fin ɗin ƙarfe da ke leƙowa ƙasan gaban tirela, da haƙoran hich, wato maƙalar da ke cikin bodin mota, fin ɗin yana wasa a ciki. Akwai fizga ta gaba da baya a kan hanya, wadda ke zuwa idan tayoyin tirela suka hau gargada gabanta ya yi sama da ƙasa, to da yake maƙalar tana can sama da aksul, wato sandar da ke riƙe tayoyin bayan mota, sai wannan motsin ya koma ja da turi. Sai kuma sukuwa, wato tsalle na sama da ƙasa da ke dukan bayan mota kai tsaye ya kuma daki gaban tirela inda ɗakin kwana yake. Abin da ke kashe ƙara ba lallai ya kashe fizga ba, abin da ke kashe fizga kuma sau da yawa ba ruwansa da sukuwa.

Kafin maganar sayayya

Ka fara da abin da ba ya cin kuɗi, don mutane da yawa suna sayen ƙarfe mai tsada alhali lodi ne bai zauna daidai ba. Nauyin da ya kamata ya sauka a kan fin yana tsakanin kashi 15 zuwa 25 cikin 100 na nauyin tirela da kayanta, yawanci ana lissafi da kashi 20. Idan ka tara kaya a bayan tirela, ko tankin ruwan da ke baya a cike yake, ko irin tirelar nan ce mai garejin babur a baya, gaban zai yi sako-sako kuma fizga za ta ƙaru. Ka je sikelin manyan motoci, irin CAT Scale da ke tashoshin mai na direbobin tirela, ka auna nauyin da ke kan tayoyin motar kawai da tirela a maƙale sannan ka cire ta ka sake auna motar ita kaɗai, bambancin shi ne nauyin fin ɗinka na gaskiya, ba wanda aka rubuta a takardar talla ba wanda na tirela ce babu komai a cikinta.

Sannan ka tsaya a fili mai lebur ka kalli tirelar daga gefe. In hancinta ya ɗaga sama nauyi ya koma aksul ɗinta na baya, in ya duƙa ya koma na gaba, duka biyun suna ɓata tafiya suna cinye taya. Kusan kowane hich ana iya ɗaga shi ko sauke shi da ramukan noti, haka ma akwatin fin, wato akwatin ƙarfen da ke riƙe kinfin a gaban tirela, amma ka bar ratar kamar inci 6 tsakanin bakin bodin mota da ƙasan gaban tirela, in ba haka ba ranar da za ka shiga wuri mai gangara za su haɗu. Ka duba iskar taya, ka duba shokazoban motar in sun mutu, ka ɗaure notocin hich da na relukan da yake zaune a kansu a bodi da ma'aunin ƙarfin da littafin ya ce, ka sa faifan robar nan da ake sawa a jikin kinfin maimakon giris ko ka shafa giris ɗin. Wani lokaci a nan matsalar take ƙarewa wallahi.

Abubuwan da zan auna kowanne da su

Na farko wane motsi yake kashewa, don shi ne dalilin sayen. Na biyu nauyinsa, kuma wannan mutane suna raina shi. A jikin ƙofar direba akwai sitika da ke faɗin iya nauyin da motar za ta ɗauka, mutane da kaya da hich da nauyin fin duk a ciki. Misali sitika ta ce laba 3,500, tirelarka da kaya laba 14,000, kashi 20 ɗinta laba 2,800 ke nan, ka sa mutum biyu da 'yan kaya laba 400, saura 300, to in hich ɗin da kake so ya kai laba 400 ka riga ka wuce. Babu wani hich ko jakar iska da ke ƙara wa mota wannan adadi, ko da an rubuta 25,000 a jikinsa, abin da ya fi rauni a cikin jerin shi ne iyakarka.

Sai kuɗi, sai ƙarko da irin kulawar da yake so, sai sauƙin sawa da cirewa da maƙalawa, sai haɗari wanda ya haɗa da garantin firem ɗin tirela. Akwai kuma tambaya guda da ke yanke zaɓi tun kafin a fara: tsawon bodi. Bodi mai ƙafa 8 ba shi da matsala, amma mai ƙafa 6 da rabi ko 5 da rabi, idan ka yi kwana mai tsanani musamman da ribas, kusurwar tirela tana iya fasa gilashin bayan mota. Farashin da zan faɗa kiyasi ne na kasuwar Amurka kuma yana motsi, ban sa kuɗin makaniki a ciki ba.

Hich mai haƙora masu rungumar fin

Yawancin mutane suna farawa da hich mai arha wanda ƙarfe ɗaya ne ke zamewa ya tare bayan fin. Yana riƙewa lafiya ba wai zai saki tirela ba, amma yana barin rata, ita ce ke yin gaf-gaf. Mataki na gaba shi ne wanda haƙoransa ke zagaye kinfin mai kaurin inci 2 su rungume shi gaba ɗaya, kansa kuma yana lanƙwasa gaba da baya da gefe da gefe a kan roba. A nan B&W Companion ya yi suna, ana yin sa a garin Humboldt na jihar Kansas, haƙoransa masu kauri ne kuma kan yana zaune a kan robar foliyuretan da ke shanye ɗan bugu, wanda ake sawa a ramin guznek, wato maƙalar ƙwallo da ke ƙasan bodi, irin na wannan kamfani mai suna Turnoverball, an ba shi laba 20,000 na tirela da 5,000 na fin. Curt ma yana da jerin A da jerin Q, su A16 da A20 da Q20, shi Q kansa yana juyawa a kan wani ƙwallo da roba a gefuna don rage ƙara.

Kuɗinsa daga wajen dala 900 zuwa 1,500. Ƙarko kam babu magana, ƙarfe ne da 'yan wuraren giris, zai iya fin motar daɗewa. Nauyi shi ne aibinsa, Companion ya kai wajen laba 200 duk da yana rabuwa gida biyu, kai daban gindi daban, amma gindin kaɗai ba abin da mutum ɗaya zai ɗaga da daɗin rai ba ne. Haɗari kaɗan ne ƙwarai tunda ba ka taɓa tirela ba, garantinta yana nan. Sai dai ka sani, wannan maganin ƙara ne da ɗan rage fizga, amma sukuwa tana nan yadda take. In hich ɗinka na yanzu dama mai kyau ne, canza shi da wani mai kyau ba zai ba ka bambancin da zai kai kuɗin ba.

Ka kuma duba yadda motarka take a ƙasa. Ford da Ram da GM suna sayar da manyan akori-kurarsu da ramuka huɗu na kamfani a bodi da na guznek a tsakiya, amma tazarar ramukan kowanne daban ce, hich ɗin Ford ba zai shiga Ram ba. In reluka biyu ne a bodinka to su ma'auninsu ɗaya ne a yawancin kamfanoni, sai dai su kansu relukan suna iya yin ƙara in fil ɗinsu ya yi sako-sako.

Akwatin fin mai roba

Wannan ba a mota yake ba, a tirela yake. Za ka kwance akwatin ƙarfen da ke riƙe kinfin ka sa wani mai motsi. MORryde na Elkhart a jihar Indiana shi ne aka fi sani, yana da roba mai kauri a ciki da ke barin fin ya ɗan matsa gaba da baya da ɗan gefe, sai robar ta shanye fizgar kafin ta iso mota. Lippert na da Rota-Flex wanda kansa ke lanƙwasa a kan roba, Demco kuma na da Glide Ride. Ni a ganina ga wanda fizga ce babban kukansa, babu inda kuɗinsa zai yi aiki kamar nan, kuma abin da ya fi burge ni shi ne babu abin da za ka riƙa dubawa kullum, ba iska ba famfo ba bawul, 'yan wuraren giris ne sai ka riƙa leƙa robar ko ta fara tsagewa bayan shekaru, in ta tsage ana canza ta ita kaɗai.

Kuɗi wajen dala 900 zuwa 1,500. Sawa notoci ne kawai amma akwatin yana da nauyi sosai, sai mutum biyu ko uku, ko ka yi dabarar da mutane ke yi ta ɗora shi a kan hich ka matso da mota a hankali har ramuka su daidaita. Abin lura shi ne lambar akwatinka na yanzu, a jikinsa za ka ga sitika ko tambari irin su 1621 ko 1116 ko 1716 idan na Lippert ne, da ita za ka sayi wanda ramukansa da tsawonsa suka dace, sannan robar ma ana zaɓenta ne da nauyin tirela, in ka sa mai tauri a ƙaramar tirela ba za ta motsa ba, in ka sa mai laushi a babba za ta riƙa kaiwa ƙarshe tana bugawa. Sukuwa kuma ba aikinsa ba ne, MORryde ba ya motsi sama da ƙasa.

Akwatin fin mai iska

Shi kuma jakar iska ce da shokazoba a cikin akwatin, irin Trailair Air Ride na Lippert ko 5th Airborne na Reese, sai Flex Air wanda ya haɗa jakar iska da shok da kan roba irin na Rota-Flex, don ya kama sukuwa da fizga gaba ɗaya. Amfaninsa babba shi ne tirelar kanta, gabanta yana samun sauƙin duka, firem da kabad da gilashi duk suna hutawa, kuma in ka canza mota abinka yana nan a jikin tirela.

Kuɗi daga wajen dala 1,300 zuwa 2,000. Amma yana son kulawa, kafin kowace tafiya sai ka duba iska ka kai shi daidai alamar da aka yi masa da tirela a maƙale, in iska ta yi yawa ya zama dutse, in ta yi kaɗan ya riƙa zama a ƙasa, kuma nauyin fin yana canzawa da yawan ruwa da kayan da ka ɗauka. Jaka tana iya yoyo, shok yana mutuwa, duka ana samun na canji. Ya fi akwatin da kamfani ya sa nauyi, wannan ƙarin kusan duka a kan motarka zai sauka. Wasu kuma sun fi na asali tsayi ko sauka ƙasa, sai ka sake daidaita hich don tirela ta dawo lebur.

Hich mai jakar iska a cikin bodi

Wannan shi ne babban yaya. TrailerSaver na kamfanin Hensley, su BD3 da BD5 da TS3, da kuma Air Safe, kan hich ɗin gaba ɗaya yana zaune a kan jakunkunan iska da shok, yana hawa da sauka inci da yawa, ya fi akwatin fin filin motsi nesa ba kusa ba. Masu manyan tireloli da ke zaune a ciki shekara da shekara, da masu jan su da motoci masu taya biyu-biyu a baya ko ƙananan kawunan tirela masu sifirin mai tauri, su ne suka fi sayensa, kuma da dalili, domin mota mai taurin baya ita ce ke karya gaban tirela a hankali.

Kuɗi ne dai, dala 3,000 zuwa sama, in ka ƙara kwamfuresa da ma'aunin iska a cikin mota ya ƙara hawa. BD3 an ba shi laba 18,000 da 3,500 na fin kuma yana rabuwa ana iya cire shi, TS3 kuwa ya doshi laba 400, wannan in ya shiga bodi ya zauna ke nan sai da abin ɗaga kaya. A motar da sitikarta ba ta da yalwa, musamman masu injin dizal na ajin 2500 ko F-250 waɗanda nauyin injin ya riga ya cinye musu rabo, wannan hich ɗin zai iya fitar da kai daga ƙa'ida shi kaɗai. Kuma kar ka haɗa hich mai iska da akwatin fin mai iska, jakunkuna biyu za su riƙa faɗa da juna sukuwa ta ƙaru. Haɗin da ake yi ya yi kyau shi ne hich mai iska da akwatin roba irin MORryde, ɗaya ya kama sama da ƙasa ɗaya ya kama gaba da baya, amma ka lissafa kuɗin biyun ka gani.

Komawa guznek

A nan sai an bambance abu biyu don ana yawan cakuɗa su. Akwai bututun ƙarfe mai arha da ake ɗaurawa a jikin kinfin ya sauka zuwa ƙwallon guznek mai inci 2 da 5/16 a ƙasan bodi. Wannan ni ba na ba kowa shawararsa, domin tsawon bututun yana zama kamar doguwar sifana a jikin noti, duk ja da birki sai ya ninka ƙarfin murɗa a kan firem ɗin da ba a gina shi don haka ba, kuma kamfanonin tirela da yawa suna janye garanti a kansa. Na biyu shi ne canza akwatin fin ɗin dungurungum da wanda aka ƙera don guznek, irin Goose Box na Reese mai jakar iska da shok a ciki, wanda ake samu a 16,000 da 20,000 kuma Lippert, mai ƙera firem ɗin tireloli, ya amince da shi a kan firem ɗinsa, ko Executive na Gen-Y wanda robar toshan ce a ciki, wato mai aiki da murɗawa, babu iska sam.

Daɗinsa a fili yake, in ka cire tirela ka juya ƙwallon ko ka zare shi bodinka fayau, babu ƙarfen laba 200 da za ka yi ta fama da shi, ƙwallo da soket kuma ba su da ratar yin gaf-gaf, ga laushi a tafiya. Kuɗi wajen dala 1,500 zuwa 2,300, in ba ka da ƙwallon a bodi ka ƙara nasa. Wahalarsa maƙalawa ce, ba ka ganin ƙwallon daga kujerar direba sai da kyamara ko mai nuna maka, sannan dole ka ɗaga tirela sama sosai ka sauke ta daidai kan ƙwallon, ba kamar hich da za ka yi baya kawai ya kama ba. Sarƙar tsaro ma dole ce, sai ka hau bodi ko ka miƙa ka maƙala. Shi Gen-Y a kula da zaɓen ajin nauyin fin, robar toshan tana aiki ne a cikin iyakar da aka yi ta, shi ya sa awon sikeli ya zama wajibi kafin oda. Kuma ko wanne za ka saya, ka nemi amsar kamfanin tirelarka a rubuce kan garanti.

Andersen Ultimate

Na ware shi don ba ya shiga ko'ina a cikin na sama. Wani ƙarfe ne na alminiyom mai siffar dala, da ƙwallo a samansa, sai a ɗaura soket a jikin kinfin. Bai kai laba 40 ba, mutum ɗaya zai ɗauke shi da hannu, kuma wanda ake sawa a kan guznek an ba shi laba 24,000 da 4,500 na fin. Ba shi da ƙara tunda ƙwallo ne, kuma da yake ƙwallon yana sama babu matsalar dogon bututu. Kuɗi wajen dala 900 zuwa 1,200. Amma fa babu roba ko iska a cikinsa, abin da ya rage maka rata ce kawai, bugun hanya yana nan. Yana son a riƙa duba ƙarfin notocinsa, wasu jihohi suna kallonsa a matsayin maƙalar ƙwallo da ke buƙatar sarƙa, kuma ba kowane akwatin fin mai motsi yake tafiya da shi ba sai an kulle motsin, to ka ga in ka kulle ka kashe abin da ka saya.

Maganar gajeren bodi

Hich mai zamewa, wato mai matsawa baya a cikin bodi lokacin kwana, ba don laushi ake sayensa ba, don kare gilashi ne, kuma gaskiya mai zamewar hannu ƙara ma yake ƙarawa saboda ratar da ke cikin layinsa. SuperGlide na PullRite yana zamewa da kansa idan ka yi kwana, ba sai ka fito ba, amma yana da nauyi yana da tsada, daga wajen dala 1,800 zuwa sama, kuma yana buƙatar farantin da ake sawa a ƙasan akwatin fin wanda dole ya dace da irin akwatinka, to in kana shirin sa mai roba ka tabbatar akwai farantinsa kafin ka biya. Sidewinder na Reese kuma akwatin fin ne da ke mayar da wurin juyawa inci 22 baya, ana samunsa haɗe da jakar iska. Sababbin tireloli da yawa an sassaƙe kusurwoyin gabansu, a bodi mai ƙafa 6 da rabi mutane da dama suna tafiya ba mai zamewa, sai dai ka gwada naka a fili da wani yana kallo.

| Zaɓi | Rage ƙara | Rage fizga | Rage sukuwa | Kuɗi a dala | Kulawa | Inda haɗarin yake |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Hich mai rungumar fin | yana kashewa | kaɗan | babu | 900 zuwa 1,500 | giris kawai | nauyin ɗagawa |
| Akwatin fin mai roba | kaɗan | sosai | kusan babu | 900 zuwa 1,500 | giris, duba roba | sayen lambar da ba ta dace ba |
| Akwatin fin mai iska | kaɗan | daidai, Flex Air ya fi | sosai | 1,300 zuwa 2,000 | duba iska kowace tafiya | yoyo, ƙarin nauyi |
| Hich mai iska | yana kashewa | daidai | ya fi kowa | 3,000 zuwa sama | iska da shok | cinye lodin mota |
| Akwatin guznek | yana kashewa | sosai | sosai | 1,500 zuwa 2,300 | iska ko giris | garanti, wahalar maƙalawa |
| Andersen | yana kashewa | kaɗan | babu | 900 zuwa 1,200 | duba notoci | rashin dacewa da akwati mai motsi |

Wani abu da teburin bai nuna ba, wani lokaci tushen fizgar yana can ƙarƙashin tirela. Tireloli da yawa suna fitowa ba shokazoba, da ƙarfen daidaita sifirin na tsakanin aksul biyu wanda babu roba a jikinsa, to sa irin su CRE3000 na MORryde ko E-Z Flex na Dexter ko Road Armor na Lippert, na 'yan ɗaruruwan dala, yana rage bugun tun daga inda yake tasowa. Haka in bayan motarka ya zauna har yana taɓa sifirin na taimako yana saki yana taɓawa, jakar iska ta Air Lift ko Firestone za ta ɗago shi ta daidaita, amma kar a cika mata iska, in ta yi tauri tafiyar ta fi da muni.

To wa zai sayi wanne

In ƙarar tashi da birki ce kawai ke damunka kuma hich ɗinka irin mai arhan nan ne da aka haɗo maka da tirela, sayi mai rungumar fin ka tsaya nan, B&W ko Curt duk za su yi, ka dai zaɓi wanda ya dace da ramukan bodinka. In hich ɗinka mai kyau ne amma titin kankare yana fizgar wuyanka, tirelarka kuma matsakaiciya ce kana fita hutu lokaci-lokaci, akwatin roba ne naka, kuma ina ganin yawancin masu wannan tambayar a nan suke. In kana buɗe tirela kana tarar da kayan ɗakin gaba a ƙasa, ko ka fara ganin tsaga a bango kusa da wuyan tirela, to sama da ƙasa ne, ka nemi akwati mai iska, amma tsagar kam a fara kai ta wurin mai duba firem tukuna.

Wanda motarsa ita ce ta aiki a sauran kwanaki, yana ɗaukar katako ko kayan gini yana son bodi a buɗe, ko bayansa ba ya son ɗaga ƙarfe, ya duba Goose Box ko Gen-Y in yana son laushi, ko Andersen in lodin motarsa ne ya yi ƙaranci kuma ƙara ce kawai matsalarsa. Mai bodi ƙafa 5 da rabi ya fara warware maganar kwana da SuperGlide ko Sidewinder kafin ya yi tunanin laushi. Wanda kuma tirelar ita ce gidansa, ta haura laba 16,000, motarsa mai taya biyu-biyu ce da yalwar lodi, yana cin dubban mil a shekara, shi ne kuɗin TrailerSaver ko Air Safe zai yi wa amfani, in da hali ya haɗa da akwatin roba ya kuma sa kwamfuresa don ya riƙa gyara iskar daga kujerarsa.